Asibitocinmu suna da masallaci, amma wa ke zagaya gadaje?

1/ Jama'a ku ba ni aron hankalinku, zaren nan da ɗan tsawo. Ni 'yar Ajingi ce, ɗaliba. Ba malama ba ce ni, ba kuma nas ba. Jinya kawai na yi a hutun da ya wuce, na ga abin da har yau ya tsaya min a rai. 🧵

2/ Kwana 11 na yi ina jinyar kakata a ɗakin mata na wani asibiti. Ba zan kama suna ba, don matsalar ba ta asibiti ɗaya ba ce. An sa mata robar fitsari, hannunta ɗaya ga ƙarin ruwa, ko juyawa sai an juya ta.

3/ A dare na uku, wajen ƙarfe 2, ta taɓa ni ta ce: "Ke kishiya, sallata fa? Kwana nawa ban sa goshi a ƙasa ba. In Allah Ya ɗauke ni a haka, me zan ce?" Tsohuwar da allura ba ta sa ta ko motsi ba, ranar na ga hawayenta.

4/ Na je wajen nas. Ita kaɗai ce a ɗakin gaba ɗaya, tana fama da wata mai jijjiga. Ta ce, "Yi haƙuri ƙanwata, da safe ki tambayi malami." Ban ga laifinta ba. Amma wane malamin? Masallaci na nan a haraba, liman ya ja salla ya tafi. Shigowa ɗaki ba aikinsa ba ne.

5/ Da gari ya waye na kira malamarmu ta Islamiyya a waya. Minti 5 ta warware komai: taimama, salla a kwance da nuni, da sauƙin da aka yi wa mai yoyon fitsari. Kakata ta yi sallarta, ta nemi koko. Ranar ce ta fara cin abincin kirki.

6/ Matar gadon kusa da mu ba ta da wanda za ta kira. Sai ga wani da jaka lokacin dubiya, da rubutu da turare. Ya ja mijinta gefe ya ce kumburin nan sammu ne, ba na asibiti ba ne. Bayan kwana 2 suka tattara. Nas ɗin har roƙonsu ta yi, suka ƙi.

7/ To ga maganata a taƙaice: a asibitocinmu akwai gurbin da babu mai riƙe da shi, wato kula da zuciya da imanin mara lafiya. Kuma gurbin ba ya zama haka kawai. In ba a sa mutumin kirki mai horo ba, mai jaka ne zai cike shi.

8/ Da na koma makaranta na ba wa ƙawata labari, ɗakinmu ɗaya a hostel, 'yar ɗarikar Katolika ce daga Kaduna. Ta yi mamaki. Ta ce lokacin da mamanta ta kwanta a wani asibitin cocinsu, kullum sai an zagayo gado gado ana tambaya: kina son addu'a? A kira miki wa?

9/ Sai na shiga bincike. Ashe a wajensu aiki ne mai tsari. Dokar cocin ta 1983 ta tanadi fada na musamman da ake ɗora wa kula da wasu rukunin mutane, kamar na asibiti ko gidan yari, kuma bishop ne ke naɗa shi. Ba wanda ya ga dama ne zai shigo da jaka ba.

10/ Akwai abin da fada kaɗai ke yi, kamar shafa wa mara lafiya mai da sauraron furucin zunubi, wanda haramun ne a wajensu ya faɗa wa kowa. Sauran aikin, zama da majinyaci da lallashin dangi, sistoci da sauran waɗanda aka horar suna yi. Amma akwai shugaba guda da za a tuhuma.

11/ Shugabancin nan shi ne abin da ya fi jan hankalina. Shi ke tsara wa zai kwana, wa zai yini. Shi ke tantance wanda zai shiga ɗaki. Shi ke zama da likitoci. In mara lafiya ba ɗan cocinsu ba ne, ƙa'idar aikin ita ce a nemo masa malamin addininsa.

12/ Asibitocin mishan ba baƙinmu ba ne. St. Gerard na Katolika yana Kakuri a Kaduna tun 1957. Asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943. Na Galmi a Nijar, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe, tun 1950. Waɗannan biyun ba na Katolika ba ne, amma iyayenmu Musulmi sun daɗe suna zuwa.

13/ A duniya ma abin ya zama fanni da ake karanta. A 1925 wani fasto a Amurka, Anton Boisen, ya fara kai ɗaliban addini asibitin masu taɓin hankali don su koyi sauraron majinyaci. Shi kansa ya taɓa kwanciya a irin asibitin. Daga nan horon ya samo tushe.

14/ A Landan, Cicely Saunders ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali a 1967. Ita ta yi ta nanata cewa ciwon mutum ba a jiki kaɗai yake ba, akwai tsoro, da damuwar iyali, da tambayar da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da kakata ta ji ƙarfe 2 na dare ke nan.

15/ Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ma'anar da ta bayar a 2002 ta kula da masu ciwo mai barazana ga rai, ta sa buƙatar ruhi tare da ta jiki. A asibitocin gwamnatin Ingila yau akwai limamai Musulmi da malamai mata da ake biya albashi don wannan aikin.

16/ Na san wani zai ce, "Kwaikwayon Kirista za mu yi?" Ɗan'uwa, dubiya tana cikin haƙƙin Musulmi a kan Musulmi. Risala tana da babi guda a kan abin da ake yi wa mai gargarar mutuwa. Ahalari ya yi bayanin sallar wanda ba ya iya tsayuwa. Ilimin muna da shi, tsarin ne babu.

17/ Kuma ba sai mun je nesa ba. Rundunar sojan Najeriya tana da sashen harkokin Musulunci, da na limaman Katolika, da na sauran coci-coci, kowa da kaki da muƙami da horo. Soja a bariki yana da limaminsa. Mace mai naƙuda daga ƙauyen Ajingi fa?

18/ Wani kuma zai ce, "Asibitin da ba magani, ba wuta, likita ɗaya, shi za a kai wa malami?" Wannan maganar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Magani shi ne gaba. In aka ce in zaɓa tsakanin jakar jini da malami, jini zan zaɓa, ba sai na yi shawara ba.

19/ Amma ku tuna matar gadon kusa da mu. Gado ta samu, magani ta samu, nas ta samu. Magana ɗaya ce ta fitar da ita. Da akwai malamin da mijin zai yarda da shi ya ce, "Malam, a yi addu'a a nan, a kuma ci gaba da magani," wataƙila da sun zauna.

20/ Mun ga ƙarfin bakin malamai a harkar lafiya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, aka dawo a 2004. Sai da aka jawo sarakuna da malamai jiki sannan gidaje da yawa suka buɗe ƙofa. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali.

21/ To me nake so a yi a Gaya da Ajingi? Ba sabon gini ba. A babban asibitin Gaya a gwada ƙaramin sashe: shugaba ɗaya, malamai maza da mata 'yan kaɗan, da jadawalin da aka manna a bango da lambar wanda ke kan aiki. Dare da rana.

22/ Malamai MATA, na rubuta da manyan baƙi. Mai jego ba za ta tambayi namiji hukuncin jinin biƙi a gaban mutane ba. Wadda cikinta ya zube karo na uku, ba wa'azi take so ba, mace take so ta zauna kusa da ita. Islamiyyun matan aure cike suke da masu iyawa.

23/ Ƙa'ida ta 1: sai da yardar mara lafiya. Tun wajen yankar kati a tambaye shi ko yana so, kuma wa yake so. In ya ce a'a, shi ke nan. Mutum a kwance da ciwo ba ya iya tashi ya bar wajen, don haka ba a mayar da gadonsa mumbari.

24/ Ƙa'ida ta 2: ba ruwansa da magani. Ba zai ce a cire ƙarin ruwa ba, ba zai ce a bar ƙwaya ba, ba zai sayar da rubutu ko turare ba. Ko sisi ba ya karɓa daga mai jinya. Wanda ya karɓa, shugaba ya sallame shi ranar.

25/ Ƙa'ida ta 3: sirri. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa. In mutum ya faɗa wa malami cutar da yake ɓoyewa, gobe ya ji ta a majalisar mai shayi, an kashe aikin gaba ɗaya. A nan kam sai mu ɗauki darasi wajen fada.

26/ Ƙa'ida ta 4: asibitin gwamnati na kowa ne. Ɗan bautar ƙasa Kirista da aka turo Gaya, in ya kwanta, shugaban sashen ne zai ɗaga waya ya nemo masa fasto ko fada. Katolika suna da bishop a Kano, John Namaza Niyiring, hanyar tuntuɓa a buɗe take.

27/ Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mu kanmu. Izala, Tijjaniyya, Ƙadiriyya, kowa zai so kujerar. In aka ba da ita don alfarma ko siyasa, gara ma ba a fara ba. Shugaba ya zama wanda zai kira wa ɗan ɗariƙa malamin ɗariƙa ba tare da ya ɓata fuska ba.

28/ Horo kuma dole ne. Haddace littattafai daban, iya zama kusa da uwar da ɗanta ya rasu yanzu daban. Akwai lokacin da kalmar "haƙuri" ma nauyi take yi, shiru ya fi. Ya koyi wanke hannu, ya san ɗakin da ba a shiga, ya san lokacin da zai kira nas da gudu.

29/ Kar a manta da ma'aikatan. Nas ɗin nan da na ce, a sati ɗaya na ga ta rufe fuskar mutum 2, ta wanke hannu ta koma raba magani. Wa ya tambaye ta ya take? Mu dai mun iya cewa nas-nas ba su da tausayi.

30/ Wa zai ɗauki nauyi? Hukumar kula da asibitoci ta jiha ta ba da izini da ƙa'ida. Masarautar Gaya, da dokar 2024 ta haɗa mata Gaya, Ajingi da Albasu, ta tara malamai. 'Yan agaji dama suna taimako a asibitoci. Likitocin ƙungiyar IMAN su ba da horo.

31/ Mu matasa kuma, kafin a yi duk wannan: in ka je dubiya, kar ka tsaya a gadon naku kawai. Dubi wanda ba kowa kusa da shi. Ka yi sallama, ka tambaye shi ya jiki, ka saurari amsar. Kuma don Allah a daina ɗaukar marasa lafiya hoto ana sawa a status.

32/ Kakata ta warke, Alhamdulillahi, tana gida tana min tsiyar wai na rame a makaranta. Amma da ba ni da lambar malamarmu fa? Bai kamata amsar tambaya irin tata ta dogara da wayar jika ba.

33/ Masu aikin asibiti a Gaya, Wudil, Dutse ko Kano, ku faɗa min: a wajenku wa ake kira in mara lafiya ya nemi malami da tsakar dare? In na yi kuskure a wani wuri ku gyara min. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. 🤲