Taro da sisi a gindin hasumiyar Blackpool

Wata Asabar cikin Oktoba na kwashi iyalina daga Manchester muka hau jirgin ƙasa zuwa Blackpool, garin shaƙatawa na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila. Fitilun da ake jerawa a gaɓar teku duk kaka muka je kallo. Tun daga tasha ruwa ya tare mu, ga iska mai ratsa ƙashi. Kafin mu ga hasumiya, shagon araha muka fara faɗawa: laima biyu, safar hannu ta yara, da biskit. Duka kuɗin bai kai na tikitin mutum ɗaya na hawa hasumiyar ba.

A jirgin dawowa wata dattijuwar Baturiya ta ga ledar hannuna, ta yi tsaki, ta ce irin waɗannan shagunan ne suka ɓata musu gari. Na ba ta girmanta na yi shiru, amma ban yarda ba.

Blackpool dai tun asali garin talaka ne. Hasumiyar nan mai tsawon mita 158, wadda aka buɗe a 1894 ana kwaikwayon ta Eiffel da ke Faris, ba don sarakuna aka gina ta ba. Haka gadoji ukun da suka kutsa cikin teku, wanda na farkonsu ya tsaya tun 1863. Ma'aikatan masaƙun Lancashire ne suka raya wurin. Kowane gari yana da makon da ake rufe masaƙu, sai jama'a su ɗunguma a jirgin ƙasa su zo su kashe ɗan abin da suka tara a shekara. Wani kaso na audugar da suke saƙawa ma daga wajajen Zariya da Funtuwa aka ɗauko shi a zamanin mulkin mallaka, don haka ina jin muna da ɗan hannun jari a ƙarfen nan.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ginin da ke maƙwabtaka da hasumiyar, farin gini mai agogo da kamfanin Woolworths ya yi a shekarun 1930. Yau ana lissafa shi cikin abubuwan alfahari na gari, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hotonsa. To me Woolworths yake sayarwa? Tun da ya buɗe shagonsa na farko a Liverpool a 1909, kayan taro da sisi ne, irin taro da sisin da iyayenmu suka kashe. Shagon arahar jiya ne dattijuwa take kewa, tana kuma zagin na yau. Da kamfanin ya rushe, shaguna fiye da 800 suka rufe zuwa Janairun 2009, kuma shagunan araha irin su Poundland ne suka gaji da yawa daga cikin wuraren. Shi kuwa shagon araha na B&M ɗan gida ne, a Cleveleys da ke kusa da Blackpool aka kafa shi a 1978.

Abin da ya karya garin daban ne. Daga shekarun 1960 jirgin sama ya yi sauƙi, masu hutu suka koma Sifen inda rana take da tabbas. Masaƙu suka mutu. Gidajen saukar baƙi da yawa suka zama ɗakunan haya na marasa galihu, har ta kai alƙaluman gwamnati suna nuna mazan Blackpool ne suka fi ƙarancin tsawon rai a Ingila. Mai shago aljihu yake bi. Uwar da ke ƙirga sulalla kafin ƙarshen wata ba ruwanta da kyan allon shago, sabulu da littafin makaranta take nema.

Duk da haka ina da ƙorafi, kuma a nan na ɗan matsa kusa da dattijuwa. Masu ginin da sun sayar da kayan sisi amma sun bar wa gari abin kallo. Na yanzu haya suke kamawa, su manna ƙaton allon roba a fuskar tsohon gini, su bar benayen sama ga tantabaru, ranar da lissafi ya ƙi su naɗe tabarma. Kamfanin araha na Wilko ya tafi a 2023 da shaguna kusan 400. Hukumar garin ta yi dabara da ta sayi hasumiyar da zauren Winter Gardens a 2010. Sauran aikin shi ne ta tsaya kan masu gine-ginen da ke kewaye: duk mai son ciniki a inuwar hasumiya ya gyara bango da tagogi, ya rage girman allo.

Kada kuma hukumar ta ɗauka waɗannan shagunan za su dawwama. A watan Yunin 2025 aka sayar da kamfanin Poundland ɗungurungum a kan fam ɗaya.