Gulbi Ba Ya Riƙe Lissafin Bara

A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya cika ya batse. Ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Goronyo da Wurno, har ya karya gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Bayan irin wannan masifa akan ji mutane suna cewa, "Ai ta zo ta wuce, sai kuma an daɗe." Sai su koma su sake gini a bakin fadama. Mu dai a ganinmu wannan zance kuskure ne, kuma yana iya cin rai.

Masana lissafi suna da wani babi a kan al'amuran da ba su tuna baya. Ka jefa kwabo sama sau 5, ya faɗi ta fuska guda duk sau biyar ɗin. To, jifa na shida fa? Har yanzu rabi da rabi ne, don kwabo bai san abin da ya yi ɗazu ba.

Mu ɗauka, misali, wata fadama a Rabah ruwa kan ci ta shekara 1 cikin 10. Ba ana nufin in ya ci bana an sami hutun shekara 9 ba ne. Kowace damina haɗarin yana nan, 1 cikin 10. In shekarun ba su jingina da juna, wanda ya zauna wurin shekara 10, lissafi ya nuna 65 cikin 100 ne ruwa zai same shi ko da sau ɗaya. Ta yiwu ma a jera shekara biyu.

Wani zai ce ai madatsar Goronyo tana riƙe da ruwan jiya. Gaskiya ne. Nan ne aikin Andrei Markov, malamin lissafi na Rasha, ya ke da amfani. A 1906 ya bayyana irin al'amarin da gobensa ke rataye ga halin da ya ke ciki yau, ba ga tarihin yadda ya kai nan ba. Haka madatsa ta ke kusan-kusan: cikarta ta yau da ruwan da ke tafe su za a duba, ba yawan shekarun da aka yi lafiya ba.

Saboda haka muna roƙon akawunan hukuma, in za a ba da fili, a tambayi tudun wurin da inda ruwa ya taɓa kaiwa, kada a tambayi yaushe rabonsa da zuwa. Malaman makaranta kuma su sa yara su jefa kwabo sau 100, su rubuta abin da ya fito, su gani da idonsu. Yaron da ya gane wannan, in ya girma ba zai kafa ɗaki a hanyar ruwa ba. Rigakafi ya fi magani.