Sassaƙen maɗaci da allurar Vom: darasin da Sin ke bai wa Ma'aikatar Kiwo

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a watan Yulin 2024, aka kuma miƙa ragamarta ga Idi Mukhtar Maiha, muhawara ta fi karkata ga burtali da rikicin manoma da makiyaya. Sai dai akwai tambayar da ba ta cika isa teburin manyan jami'ai ba: da me makiyayi ke yi wa saniyarsa magani idan likitan dabbobi ya yi masa nisa?

A kudancin Kaduna, musamman dajin kiwo na Ladduga da ke Kachia, ƙudan tsando na yaɗa cutar sammore, damina kuma na zuwa da tsutsar ciki. Magungunan sammore da ake dogaro da su, irin su Berenil da Samorin, sun haura shekara 50 ana amfani da su, cutar kuma ta fara bijire musu a sassan Afirka, ga jabu da ke yawo a kasuwannin ƙauye. Don haka makiyayi kan haɗa biyu: allura idan ya samu, sassaƙen maɗaci ko ganyen marke idan bai samu ba. Haɗin gwiwar da ake ta magana a kai ya riga ya kankama a ruga, amma babu awo, babu mai sa ido.

Nan ne misalin ƙasar Sin ke da amfani. Kundin magungunan dabbobi na hukumar ƙasar ya keɓe juzu'i guda ga magungunan tsirrai, kowanne da ma'auninsa da hanyar tantance ingancinsa. A 2020 kuma Sin ta haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma, amma ta bar na tsirrai. Abin da ya ba tsirran wannan matsayi shi ne gwaji. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro da ya kai Tu Youyou ga lambar Nobel a 2015, sai da aka tace shi daga tazargade a ɗakin bincike.

Ke nan darasin ba shigo da saiwoyin Sin ba ne. Nijeriya na da cibiyoyin da za su yi wa nata tsirran irin wannan aiki: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda ta samo asali tun 1924, da Cibiyar Binciken Cutar Sammore da ke Kaduna, da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan na kusa da makiyayan da ke riƙe da ilimin. NAFDAC kuwa ita ke da hurumin yin rajista. Abin da ya rage shi ne a haɗa su kan manufa ɗaya, a ware musu kuɗi a kasafi.

Wajibi ne kuma a shata iyaka. Kasuwar aladu ta Katsit da ke Kafanchan na cikin mafiya girma a ƙasar, kuma zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓulla a Nijeriya a 1997, ba ya jin magani, na asibiti ko na gargajiya. Killacewa da tsafta ne kaɗai mafita. Haka ciwon huhun shanu, riga-kafi ne garkuwarsa. Jami'in da ya bari aka tallata jiƙo a madadin allurar riga-kafi ya jefa dukiyar talaka cikin hatsari.

Matakin farko ba mai tsada ba ne: a zaɓi tsirrai kaɗan da aka fi amfani da su kan tsutsar ciki, a gwada ƙarfinsu da gubarsu, a fayyace adadin da ya dace da nauyin dabba da kwanakin da za a jira kafin a sha nono. Wanda ya ci jarrabawa a yi masa rajista, wanda ya faɗi a sanar da makiyaya cikin Hausa da Fulfulde.