Zinariya ko Farar Hoda? Ra'ayina Kan Sabon Salon Binciken Raman

A shekarar 1928 masanin kimiyya ɗan Indiya, C. V. Raman, ya gano a birnin Kalkata cewa idan haske ya faɗa kan wani abu, ɗan kaɗan daga hasken da ya tarwatse yakan sauya launi. Kowane sinadari da irin nasa sauyin, tamkar zanen yatsa. Wannan ya ba shi lambar Nobel a 1930. Sai dai alamar tana da rauni ƙwarai: kusan ɗigon haske ɗaya ne cikin miliyan goma yake sauyawa.

A 1974, Martin Fleischmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila suka ga alamar ta yi ƙarfi a kan azurfa mai kaushi. A 1977 wasu masana a Amurka da Ingila suka nuna cewa azurfar ce ke ninka ƙarfin har kusan sau miliyan ɗaya. Wannan dabara ita ake kira SERS, kuma zinariya da azurfa suka zama sarakunanta.

To amma zinariya tsada gare ta, azurfa kuma takan yi baƙi ta lalace. Shi ya sa masana suka koma ga semikondakta, wato abubuwan da lantarki ke bi ta cikinsu rabi-da-rabi. Misali shi ne titaniyam dayokzaid, farar hodar da ke sa fenti ya yi fari, da kuma zink okzaid. A nan ƙarfin yakan samu ne galibi saboda ƙwayoyin lantarki suna kai-da-komo tsakanin hodar da sinadarin da ake gwadawa. A 2015, masu bincike a Suzhou ta ƙasar Sin suka sami ninkin da ya haura 300,000 da tungisten okzaid.

Masu suka suna cewa har yanzu zinariya ta fi ƙarfi, kuma semikondakta ba ta amsa wa kowane sinadari. Gaskiya ne. Amma a ganina, kuskure ne a auna waɗannan kaya da ƙarfi kaɗai. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Farar hodar nan tana da arha, ba ta tsatsa, kuma idan aka haska mata hasken ultirabayolet takan ruguza dattin da ya manne mata, sai a sake amfani da ita. Zaɓen da take yi ma ba aibi ba ne ga mai neman guba guda ɗaya tak a cikin ruwa ko abinci.

Mu a Nijeriya mun san darajar hasken Raman, domin hukumar NAFDAC ta yi amfani da na'urar hannu ta TruScan wajen gano jabun magani. Amma gano ɗan ragowar maganin ƙwari a jikin tumatir sai da ƙarin ƙarfi irin na SERS.

Daga ƙarshe, kirana ga masu bincike shi ne su rage tseren sifili a bayan lamba. Su faɗa mana nawa ne kuɗin gwaji ɗaya, sau nawa za a maimaita, kuma ko sakamakon yau zai yi daidai da na gobe. Abin da mai cin tumatir ke jira ke nan.