Canjin wurin aiki: lissafin da ya kamata ma'aikaci ya yi kafin ya kama gidan haya

Kowace shekara, cikin babban hutun ƴan makaranta, takardun canjin wurin aiki, waɗanda ma'aikata suka fi sani da afektasiyo, suna fitowa daga ofisoshin ministoci da na jahohi. Malamin da ya daɗe yana koyarwa a Tasawa sai ya ga sunansa a Yamai, a ɗauke ungozoma daga Madawa a kai ta Damagaram, jami'in duwan na Birnin Ƙonni a mayar da shi Maraɗi. Takardar tana faɗin inda za a kama aiki, amma ba ruwanta da inda iyali za su kwana. Cikin ƴan makonni sai maigida ya samo gida a garin da bai sani ba, ya kwashe kaya, ya samar wa yara gurbi kafin komawa makaranta a watan Oktoba.

A cikin wannan gaggawa, tambayar farko da ake yi wa dillali ita ce nawa ne hayar. Sai dai kuɗin da ake miƙa wa mai gida a ƙarshen wata wani ɓangare ne kawai na abin da gidan zai ci. Sauran yana ɓoye cikin nisan hanya, da ruwan sha, da ambaliya, da takardar wuta, da makarantar yara. Waɗannan ne kan mayar da gida mai araha ya zama mafi tsada.

Masu nema sun fi gidajen yawa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mazauna Yamai sun ɗan haura miliyan ɗaya, kuma al'ummar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari a shekara. Tun daga lokacin birane ba su daina cika ba. Ga ƴan cirani daga karkara, ga ɗaliban jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ga kuma iyalan da matsalar tsaro ta raba da garuruwansu. Kamfanin gwamnati na SONUCI da Bankin Gidaje na BHN da aka buɗe a 2018 suna nan, amma yawancin gidajen haya na ɗaiɗaikun mutane ne: ƴan kasuwa, tsofaffin ma'aikata, da waɗanda suka yo kuɗi a ƙetare suka zuba a gini.

Inda masu nema suka fi gidaje yawa, mai gida ne ke yanka sharaɗi. Yakan nemi kuɗin watanni a gaba, ya ƙara da kuɗin ajiya da ake kira kosiyo, dillali kuma ya karɓi la'adarsa. Duk wannan yana faɗowa ne a daidai lokacin da ake biyan motar kaya da sayen littattafan yara, a ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi yake jika 42 na sefa tun farkon 2024. Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje masu yawa, ta ƙara masu neman matsuguni. Rage farashin siminti da gwamnati ta yi a watan Oktoban shekarar zai iya sauƙaƙa ginin gobe, amma ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya ga wanda ke nema yau.

Nisa ma haya ce

A Yamai, yawancin ofisoshin ministoci suna Plato da kewayensa, kuma haya a can da unguwanni irin su Kwara Kano ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Don haka dillali yakan ja baƙo zuwa gefen gari: Kwara Tegi, Cangare, Basora, Niamey 2000, ko kuma Harobanda a ƙetaren kogi. Gidajen can sababbi ne, da fili, kuɗinsu kuma da sauƙi. Wanda ya zauna a ƙetare yana aiki a cikin gari kuwa, dole kullum ya bi ɗaya daga cikin gadoji uku: ta Kennedy, ta abotar Sin da Nijar, ko ta Janar Seyni Kountché da aka buɗe a 2021.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka akwai gida na jika 40 a bakin gari, da wani na jika 55 kusa da wurin aiki. A ido, na farko ya rage jika 15. Idan nisan ya sa babur yana shan ƙarin lita ɗaya a yini, a kan farashin sefa 499 da aka tsayar a watan Yulin 2024, cikin kwanakin aiki 22 an kashe kusan jika 11. Idan maigida ba ya iya komawa gida cin abincin rana, yana kashe dala ɗari a bakin titi, ga wata jika 11. Tun ba a zo ga kuɗin taksi ko faba-faba na uwargida da yara ba, rarar ta ƙare har an shiga cikin uwar kuɗi. Ƙarancin man fetur da aka yi a watan Maris na 2025 ya nuna wani ɓangaren matsalar: na nesa ne suka fi wahalar isa wurin aiki.

A Maraɗi, Damagaram da Tawa nisan bai kai na Yamai ba, amma kabu-kabu da adaidaita suna cin aljihu a hankali, musamman ga mai yara uku ko huɗu a makarantu dabam-dabam. Abin dubawa shi ne yawan tafiye-tafiyen da dukan gidan zai yi a yini, ba na maigida shi kaɗai ba.

Inda ruwa ke kwanciya

A watan Satumban 2020 kogin Isa ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya karya madatsar Lamorde, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Kirkisoy, Karaje da Saga. A 2024 abin ya game ƙasa. Ruwan sama mai ƙarfi da ya sauka a Maraɗi a ƙarshen watan Agusta ya rushe gidaje, ya yi sanadin rasa rayuka. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya faɗi. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun lalace ko sun zama mafakar waɗanda suka rasa muhalli. Dattawan Maraɗi ba su manta ba cewa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da garin daga fadama aka mayar da shi kan tudu.

Ba bakin kogi kaɗai ke da haɗari ba. Unguwannin da aka yanka filaye a kan tsohuwar hanyar ruwa, ko a cikin kwari irin na Gunti Yena a Yamai, ko kusa da kududdufan da aka cike da shara aka yi gini a kai, duk suna shan wahala ko da suna nesa da gulbi. A nan lokacin afektasiyo yana da amfani guda: yana faɗowa cikin damina. Wanda ya je duba gida washegarin ruwan sama zai ga abin da dillali ba zai faɗa masa ba. Akwai alamomi da ba sa ɓuya: zanen danshi a gindin bango, tsakar gidan da ta fi titi zurfi, buhunan yashi a ƙofofin maƙwabta, sabon fenti a ƙasan katanga kawai, da masai da ke tumbatsa. Idan ginin ƙasa ne da aka yaɓe da siminti, sai a duba tsagewa da rufin da kyau. Gidan da ruwa ke kwanciya a gabansa kuma gidan sauro ne, kuɗin maganin zazzaɓin yara yana cikin hayarsa.

Famfo da kwantar

A Damagaram babbar tambaya ita ce ruwan sha. Garin yana kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙaranci, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo-Macaya, Arunguza da Ganaram. A lokacin zafi wasu unguwanni kan yi kwanaki famfo bai ɗiga ba, wasu kuma sai tsakar dare yake zuwa. Ganin kan famfo a tsakar gida ba shaida ba ce cewa akwai ruwa. Matan maƙwabta da ƴan garuwa su ne suka san gaskiya: sau nawa yake zuwa a mako, da wane lokaci, kuma nawa bido yake kaiwa a watan Afrilu. Haka abin yake a sababbin unguwannin Yamai da ke kan tudu, inda gine-gine suka riga bututu isa.

Ta fannin wuta, a shekarun baya Nijar ta daɗe tana sayen kaso mafi yawa na lantarkinta daga Najeriya, Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. Yankewar da aka yi a watan Agustan 2023 bayan takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, ta koya wa masu haya darajar gida mai tagogi da iska da inuwar itace. Ɗakin kwano marar silin da ba ya zaunuwa sai da fanka, azaba ne a watan Mayu.

Akwai kuma rigimar kwantar ɗaya. A gidajen haya na tarayya, irin waɗanda ake kira selibateriyum, sau da yawa mutum biyar ko shida ke raba takardar NIGELEC ɗaya da ta NDE ɗaya, kamfanin da ya gaji SEEN a 2024. Mai firiji da mai ƙwan fitila biyu sai su yi ta jayayya kowane wata. Kafin a karɓi mabuɗi, ya kamata a ga takardun biya na ƙarshe, a rubuta lambar da kwantar ta tsaya, domin kada sabon shiga ya gaji bashin wanda ya tashi.

Wadda za ta wuni a gidan

Yawanci maigida ne ke zuwa shi kaɗai ya zaɓi gida, alhali shi ne zai fi kowa ƙarancin zama a cikinsa. Uwargida ce za ta san ko akwai wurin girki da shanya, ko katanga ta tsare mutuncin gida, ko kasuwa da injin niƙa suna kusa, ko ƙaramar sana'arta ta ƙanƙara ko ɗinki za ta samu masu saye. Idan ita ma ma'aikaciya ce, nisan nata wurin aikin yana cikin lissafi. Hoto da bidiyo ta WhatsApp sun sauƙaƙa shawara, ba sauran hujjar yanke hukunci ba tare da ita ba.

Makaranta ita ce ta biyu. Kafin a biya haya, gara a je wurin shugaban makarantar unguwa a tabbatar akwai gurbi, a ga ko aji na siminti ne ko rumfar zana, a kuma lura ko yara za su ƙetare babban titi. Haka nan nisan CSI mafi kusa, da ko mota na iya shiga lungun cikin dare a tsakiyar damina idan naƙuda ta tashi.

Malamai kan ce a nemi maƙwabci kafin gida. Unguwar da aka gani da hantsi ba ita ce ta bayan isha'i ba. Zama na ɗan lokaci a masallacin unguwa ko wurin mai shayi, da gaisuwa wurin mai unguwa, suna bayyana batun sata, hayaniya da halin mai gidan kansa fiye da duk bayanin dillali. Ga iyalin da ya fito daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Yamai, unguwanni irin su Bukoki, Zango da Wadata suna da Hausawa da yawa, abin da ke rage wa mata da yara kewa a watannin farko.

Baki ba ya zama shaida

Ƙasar tana da dokar hayar gidaje tun 1996, amma hayar da yawa har yanzu da baki ake ƙulla ta. Ranar da saɓani ya taso, mai haya ne ke kwana ciki. Takarda ɗaya ta isa, muddin ta ƙunshi kuɗin wata, adadin abin da aka bayar a gaba, sharaɗin mayar da kosiyo, wanda gyaran rufi da kwashe masai ke kansa, da wa'adin sanarwa kafin tashi ko ƙarin kuɗi. Ma'aikacin gwamnati yana da buƙatar wani sharaɗi na musamman: abin da za a yi da kuɗinsa idan aka sake canza masa wuri kafin wa'adi ya cika. Kuɗi kuma a hannun mai gida ko wakilinsa tabbatacce ake ba da su, gaban shaidu, a karɓi rasit. Ba a biyan dillali kuɗin gidan da ba a shiga an gani ba.

Wasu ma'aikatan, ganin wannan wahala, sukan bar iyali a garinsu su kama ɗaki guda. Hakan na rage tashin hankalin canza wa yara makaranta, amma tukunya biyu ce a kan albashi ɗaya, ga kuɗin mota duk ƙarshen wata, ga tarbiyyar yara da ta koma kan uwa ita kaɗai. Matsakaiciyar hanya da wasu ke bi ita ce maigida ya riga zuwa, ya sauka wurin ɗan'uwa ko abokin aiki na wata ɗaya ko biyu, ya san gari, sannan ya ɗauko iyali.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Fitar da takardun canji tun farkon hutu zai ba iyalai lokacin nema cikin natsuwa. Ma'aikatun magajin gari sun san wuraren da ruwa ke ci kowace shekara, kuma liƙa taswirarsu a bainar jama'a zai kare baƙo daga faɗawa inda ƴan gari suka guje wa. Daina yanka filaye a inda babu magudanar ruwa, babu bututu, babu makaranta, shi ne maganin da ya fi nisa. Kafin a kai ga haka, abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne ya haɗa haya da mai da ruwa da wuta da kuɗin motar yara a takarda ɗaya, ya je ya ga gidan bayan an yi ruwan sama, sannan ya miƙa kuɗinsa.