Gwajin manhaja: Dalilin da ya sa nake ba ɗalibai shawarar fara da pytest

Duk mai rubuta manhaja ya san wannan fargabar: ka gyara wuri ɗaya, wani wurin da ko taɓa shi ba ka yi ba ya lalace. Maganinta shi ne gwajin ɓangare-ɓangare, wato ƙananan umarnin da ke duba kowane yanki na manhajar ko yana bayar da amsar da ta dace. Tambayar da masu koyon harshen Python ke yawan yi mini ita ce, unittest ko pytest?

Shi unittest tare da Python yake zuwa tun 2001, ba sai ka sauke komai ba. Sai dai salonsa gadon JUnit ne, wanda Kent Beck da Erich Gamma suka ƙirƙira wa harshen Java. Shi ya sa dole ka haddace tarin sunaye: assertEqual, assertTrue, assertIn da sauransu. A nan ramin yake.

Na taɓa ganin wani ɗalibi ya rubuta self.assertTrue(jimilla, 5000), a zatonsa yana tabbatar da cewa jimillar kuɗin 5000 ce. Gwajin ya yi ta wucewa lafiya lau wata da watanni. Ashe 5000 ɗin saƙo ne kawai da za a nuna idan gwajin ya faɗi. Kowace lamba ta fito, in dai ba sifili ba ce, ta wuce. Lissafin kuɗin mutane ke nan babu mai tsaronsa, alhali kowa hankalinsa kwance.

A pytest, wanda Holger Krekel ya fara, assert jimilla == 5000 kawai za ka rubuta. Idan ya faɗi, zai nuna maka ainihin lambar da ta fito. Shi ma ba tsarkakakke ba ne: ka haɗa sharaɗin da saƙon cikin baka ɗaya, gwajin ba zai taɓa faɗuwa ba. Amma a nan ana yi maka gargaɗi.

Masu Java kada ku yi dariya. JUnit na son amsar da ake tsammani a farko, TestNG kuma a ƙarshe. Ka juya su, saƙon kuskuren ya sa ka neman ɓarna inda babu ita.

Ga kamfanin da ya riga ya tara gwaje-gwajen unittest, ba sai an zubar da su ba, domin pytest na iya gudanar da su yadda suke.