Ɗaci Ba Maye Ba Ne: Kira Ga Masu Shigo Da Kayan Sha

Wani dattijo daga ƙauyukan Sinnar ya bugo mana waya a gidan rediyo yana kuka da masu kantuna. Likita ya hana shi sukari, ga zafin rana, amma duk kwalbar sha'ir da ya ɗauka sai ya ji kamar an narka alewa. Ya ce, "Ɗana, ni da na tsufa da goro a baki, ina zan sami abu mai sanyi mai ɗaci wanda babu haram a ciki?" Wannan tambaya taku ce, 'yan kasuwar Kurmuk da Gallabat da Damazin.

Mu fara da abin da ba a gardama a kansa. Giya haramun ce ga Musulmi. A dokar ƙasa ma, tun Satumban 1983 Numairi ya hana ta, har aka tuttular da ita a kogin Nilu a Khartum. Gyaran da aka yi a Yulin 2020 waɗanda ba Musulmi ba ya shafa, bai buɗe mana wata ƙofa ba.

Sai dai mutanenmu da yawa sun ɗauka duk abin sha'ir mai ɗaci giya ne, mai zaƙi kuwa halas. Wannan kuskure ne. Ɗacin daga furen wata shuka mai yaɗo yake fitowa, wadda Turawa ke kira hops, ana nomanta sosai a Jamus da ƙasar Cek da Amurka. Ana tafasa furen da ruwan tsiron sha'ir, ya ba shi ɗaci da ƙanshi, ya kuma hana shi saurin lalacewa. Maƙwabtanmu Habashawa da gesho suke yin wannan aiki. Maye kuwa daga yis yake zuwa, idan ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Ke nan kwalba tana iya yin ɗaci kamar maɗaci babu maye a cikinta, wata kuma ta yi zaƙi kamar zuma ta kayar da ƙato. Tej ɗin Habasha ai da zuma ake yin sa.

To me ya sa kantunanmu suka cika da masu ɗanɗanon tuffa da abarba kawai? Dillalai sun ce su ne ke tafiya. Na yarda yara da mata a biki su suke so. Amma Masar ta daɗe tana yin Birell mai ɗaci ba maye, kamfanin da ke yin Fayrouz mai zaƙi shi ke yin sa, Barbican ma yana da wanda ba a sa masa ɗanɗanon 'ya'yan itace ba. Ba a gwada kawo su da yawa ba, sannan a ce babu mai saye! Mutumin da ke tauna namijin goro, ya sha jabana da citta, ya kurɓi harjal ko hulba in cikinsa ya ɓaci, shi ne za a ce yana tsoron ɗaci?

Zancen sukarin nan ba wasa ba ne a ƙasar da Kenana da Junaid da Sinnar suka saba mana da cokali uku a ƙaramin kofin shayi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba, cokalin shayi 12. Juya kwalbar da kake sayarwa ka karanta. Kowane giram 4 cokali ɗaya ne. Marar ɗanɗanon ma a duba shi, don wani yana da nasa sukarin, mai ciwon suga kuma ya tambayi likitansa.

Inda nake jin tsoro shi ne bakin iyaka. A Matamma ana iya jera St. George, wadda giya ce sosai, kusa da Sofi ta Harar wadda ba ta maye, rubutun kuma na Amhara ne da yawancinmu ba mu iya karantawa. Kada ka dogara da launin kwali ko rantsuwar ɗan dako. Nemi lambar da ke da alamar % kusa da kalmar Alc. In ka ga 4 ko 5, ajiye. In 0.0 ne, babu. In 0.5 ne, akwai ɗan burbushi, malamai kuma sun saɓa a kansa, haka ma wanda aka fara yi giya daga baya aka cire barasar. Ni dai 0.0 nake saye, in na yi shakka in tambayi malamin unguwa kafin in kai gida.

Kwali guda na kuskure ya isa a ƙwace maka kaya a shinge, ya kuma ɓata sunan da mahaifinka ya gina a kasuwa. Saboda haka a zagaye na gaba ku buɗe kwalin a gaban dillali, ku karanta, sannan cikin kowane goma ku sa biyu na mai ɗaci ku ga ko za su kwana. Dattijon nan na Sinnar ya ce in sun iso a aika masa.